Bayan Likita Ya Ce Ido Ya Tafi: Abin da Bincike Ya Gano Kan Karatu da Horon Makafi

A ƙauyukan yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, idan gani ya fara gushe wa mutum, hanya biyu aka sani. Ana kai shi asibiti idan da hali, idan kuma likita ya ce babu abin yi, sai a dawo gida a nemi yaron da zai riƙe masa sanda. Abin da ke tsakanin wannan hukunci na likita da ragowar shekarun rayuwar mutum shi ne fagen da masana ke kira ilimi da horon masu larurar gani, kuma shi ne aka fi jahilta. Jama'a da yawa sun ɗauka duk wanda aka kira makaho duhu kawai yake gani, cewa makarantarsa dole sai ta kwana a wani gari mai nisa, kuma taimakonsa bai wuce buhun gero da keken ɗinki da ake rabawa a gaban 'yan jarida ba. Binciken da aka yi cikin shekaru sittin da suka wuce ya saɓa wa duka ukun.

Ma'anar kalmomi

Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna gani da allon nan mai haruffa manya da ƙanana da ake ratayewa a asibitin ido. Wanda idonsa mafi lafiya ba ya iya gane, daga nisan mita 3, abin da mai lafiyar ido ke ganewa daga mita 60, shi ne makaho a ma'aunin likita, ana rubuta shi 3/60. Wanda ganinsa ya fi haka amma bai kai 6/18 ba, shi ne mai raunin gani. Hausawa sun riga sun san wannan bambanci, domin sukan ce wane yana gani garara-garara. Akasarin waɗanda ake kira makafi suna rarrabe haske da duhu, wasu suna ganin giftawar mutum, wasu ma suna iya karanta babban rubutu idan sun kusanto da shi.

Ilimi na musamman shi ne koyarwar da aka daidaita ta da larurar ɗalibi. Karatun haɗaka kuwa shi ne a sa yaro mai larura cikin aji ɗaya da sauran yaran garinsu, a kawo masa tallafin da yake buƙata a can. Burel shi ne rubutun ɗigo-ɗigo masu tudu da ake karantawa da kan yatsa. Sunan ya samo asali daga Louis Braille, Bafaranshen da aka haifa a 1809, ya makance yana ƙarami bayan ya ji ciwo a ido a shagon mahaifinsa, ya kuma tsara rubutun yana ɗan shekara 15. Ɗigo shida ne kacal, amma ana sarrafa su zuwa siffofi 63, kuma da su ake rubuta Turanci da Larabci da Hausa da lissafi.

Kalmar da ta fi rikita mutane ita ce wadda a nan za a kira horon dogaro da kai. A rediyo akan fassara ta da gyaran hali, sai mai sauraro ya tuna da gidajen da ake tsare masu shaye-shaye. Abin da ake nufi shi ne koya wa wanda ya rasa gani yadda zai koma harkokinsa: ya je masallaci da kasuwa da ƙafarsa, ta dafa abinci ba tare da ta ƙone ba, ya gane kuɗi, ya ci gaba da noma ko kiwo ko ciniki.

Abin da ƙidaya ta nuna

Bincike mafi girma da aka taɓa yi kan makanta a Najeriya shi ne wanda aka gudanar tsakanin 2005 da 2007, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da ƙungiyar Sightsavers, da masana daga Landan. An duba idon mutum fiye da 13,500 masu shekara 40 zuwa sama a duk shiyyoyin ƙasar. An samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a lokacin. Arewa maso gabas ce kan gaba da kashi 6.1, kudu maso yamma ta fi ƙaranci da kashi 2.8, amma saboda yawan jama'a, arewa maso yamma ce ta fi kowace shiyya yawan makafi. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, sai gilakoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido, da kusan kashi 17. Kashi 84 na makantar duka irin wadda za a iya kauce mata ne ko a warkar da ita.

Akwai abubuwa biyu cikin wannan bincike da suka shafi maganarmu kai tsaye. Na farko, makanta tana tafiya da shekaru: ƙasa da mutum 1 cikin 100 ne makaho a tsakanin 'yan shekara 40 zuwa 49, amma a cikin waɗanda suka kai 80 ya kusa 1 cikin 4. Ke nan akasarin makafinmu dattawa ne da suka yi rayuwarsu da ido, suka yi noma, suka aurar da 'ya'ya. Tsohon da gilakoma ta cinye wa gani yana da shekara 65 ba makarantar firamare yake nema ba. Yana so ya kai kansa banɗaki da masallaci, kada a mayar da shi kayan ɗaki. Na biyu, kusan rabin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka yi, ta hanyar tura yanar cikin ido da tsinke, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanu sun ƙare a makance. Inda likitan ido ya yi nisa, mai tsinke ne ke kusa.

Yammacin Zamfara yana da nasa ƙarin dalilai. A yankunan Gulbin Zamfara da Gulbin Ka an daɗe ana fama da makantar rafi, wadda wani ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa, har aka shafe shekaru ana rabon ƙwayar Mectizan gida-gida, kuma daga baya aka sanya Zamfara cikin jihohin da aka katse yaɗuwar cutar. Akwai amosanin ido, wanda ke juya gashin ido ciki ya riƙa gogar ƙwayar har ta yi hakiya. A yara kuwa, ƙyanda da ƙarancin sinadarin bitamin A da ɗiga magungunan gargajiya masu zafi su ne suka daɗe suna barin tabo a idon. Magani ya tare sababbin kamu da yawa, amma bai mayar wa waɗanda suka riga suka makance da ganinsu ba, kuma suna nan da ransu.

'Yargalma da makantar da ba ta ido ba

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da mace-macen ƙananan yara da ya wuce misali a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Bincike ya gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a injin hatsi, ana dakawa a turmi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Masu binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da suka bi gida-gida a 'Yargalma da Dareta sun samu cewa ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu a cikin shekara guda, akasarinsu bayan sun yi ta jijjiga. An ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka mutu a yankin. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza, sannan Bagega a 2013, an kuma yi wa dubban yara maganin fitar da dalma daga jini.

Abin da ya haɗa wannan musiba da batun makanta shi ne dalma ƙwaƙwalwa take ci. Idan gubar ta yi tsanani, yaron da ya tsira zai iya tashi da shanyewar gaɓoɓi, ko raunin fahimta, ko rashin ji, ko rashin gani. Irin wannan rashin gani daban yake da na yana ko hakiya: ƙwayar idon garau take, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai fassara abin da ido ya ɗauko ne ya lalace. Tiyata ba ta gyara shi, tabarau ma sau da yawa ba ya ƙara komai. Iyaye sukan ruɗe, domin yaro zai ga kofi ja yau, gobe ya kasa ganin mahaifiyarsa a cikin taro, sai a ce iskoki ne ko kuwa yana yi da gangan. Masana wannan fanni sun gano cewa irin waɗannan yara sun fi gane abu mai launi ɗaya mai ƙarfi, mai motsi, a wurin da babu hayaniya da tarkace, kuma wasunsu ganinsu yakan ƙaru idan aka yi ta horar da su a hankali tun suna ƙanana. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da wahalar haihuwa su ma suna barin irin wannan larura, saboda haka batun ya wuce ƙauyukan zinare.

Abin da aka koya game da koyarwa

A da, a ƙasashen Turai da Amurka, an yi imani cewa mai raunin gani ya adana ragowar ganinsa, kada ya yi karatu da shi ya ƙare. A 1964 wata malama Ba'amurkiya, Natalie Barraga, ta nuna akasin haka: yaran da aka horar su yi amfani da ɗan ganin da suke da shi sun ƙara ƙwarewa wajen aiki da shi, kuma ido ba ya lalacewa don an yi kallo da shi. Bayan shekaru talatin, masu bincike da suka duba ɗaliban makarantun makafi a gabashin Afirka suka tarar da yawa daga cikinsu za su iya karanta rubutun biro da na littafi idan aka ba su tabarau ko gilashin ƙara girman rubutu, alhali ana koya musu burel kaɗai. Darasin a fili yake: kafin a yanke wa yaro hanyar karatu, a auna ganinsa da kyau, a kuma sake aunawa lokaci-lokaci. Binciken Najeriya ma ya nuna fiye da rabin masu matsakaicin raunin gani tabarau kawai suke buƙata. Yaro nawa ne a ajin firamare a Gummi ake kira daƙiƙi, alhali allo ne ba ya gani?

Wani binciken ya shafi jarirai. Wata mai bincike, Selma Fraiberg, ta bibiyi jariran da aka haifa makafi, ta ga suna zama da tsayuwa kusan a kan lokaci, amma suna jinkirin miƙa hannu da rarrafe da tafiya, domin abin da ke jan jariri ya motsa shi ne ganin abin sha'awa. Sai ya kusa shekara kafin ya fahimci cewa ƙarar da yake ji tana nufin akwai abin da zai iya kamawa. A wannan fanni al'adarmu tana da abin alfahari, domin goyo da yawan hannun da ke ɗaukar yaro suna ba shi taɓi da murya da motsi. Inda ake kuskure shi ne bayan yaye, lokacin da tausayi ke sa a zaunar da shi a tabarma, a hana shi fita, a yi masa komai. Uwar da ke gaya wa ɗanta sunan duk abin da ya taɓa, tana barinsa ya lalubo randa da ƙofar ɗaki da kansa, ta fara masa makaranta tun kafin ya san malami.

Daga nan masana suka tsara abin da ya kamata a ƙara wa ɗalibi makaho a kan darussan kowa, wanda Ba'amurke Phil Hatlen ya tattara a 1996. Dalilinsa mai sauƙi ne: abin da mai ido ke ɗauka ta kallo ba tare da an koya masa ba, kamar yadda ake gaisuwa, da ɗaura zani, da tsallaka titi, makaho sai an koya masa da gangan. Babba a ciki shi ne sanin wuri da tafiya da farar sanda. Wannan sanda ta bambanta da ta dogarawa: doguwa ce mara nauyi, ana kaɗa ta hagu da dama tana taɓa inda ƙafa za ta sauka. Richard Hoover ne ya tsara dabarar a 1944 don sojojin Amurka da suka makance a yaƙin duniya na biyu. Ga ƙasar Hausa amfaninta ninki biyu ne, domin duk makahon da ya iya tafiya shi kaɗai ya 'yanta ɗan jagora, wanda galibi yaro ne ko yarinya da aka cire daga makaranta.

Saɓanin ra'ayi

Muhawara mafi tsufa ita ce tsakanin makarantar makafi ta kwana da karatun haɗaka. Makarantar makafi ta farko a Najeriya ita ce ta Gindiri a Jihar Filato, wadda mishan suka buɗe a 1953, sai Pacelli a Legas a 1962. A arewa maso yamma akwai ta Tudun Maliki a Kano, da ta A. A. Raji a Sakkwato, da makarantar makafi ta Katsina. Masu goyon bayan irin waɗannan makarantu suna cewa a nan ne ake tara ƙwararrun malamai da injin burel, kuma yaro yana ganin manya irinsa da suka yi nasara. Hujjarsu tana da ƙarfi. Gindiri ce ta fitar da Bitrus Gani-Ikilama, wanda ya zama babban ma'aikacin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa cibiyar tallafa wa makafi a Zariya. Jami'ar Bayero ta ga Jibril Isa Diso ya kai muƙamin farfesa a sashen ilimi na musamman ba tare da ido ba.

Masu ra'ayin haɗaka, waɗanda sanarwar Salamanca ta 1994 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu (Najeriya ta amince da ita a 2010) suka ƙarfafa, suna tambaya: yara nawa makaranta ɗaya a babban birnin jiha za ta ɗauka? Kuma wace uwa ce a 'Yargalma za ta miƙa 'yarta makauniya mai shekara shida zuwa makarantar kwana, bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021 da rufe makarantun jihar da aka yi a wannan shekara? Sai dai haɗakar da babu malami mai burel, babu littafi, a ajin da yara suka haura ɗari, zama ne kawai a bayan aji. Abin da ya fi dacewa da yanki irin wannan, a ganin mai wannan sharhi, shi ne tsarin malami mai zagaye: ƙwararre ɗaya da babur yana bin makarantu da gidaje a gunduma, makarantar musamman kuma ta zama cibiyar horar da malamai da buga littattafai. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsangaya ta daɗe tana zaunar da makaho a da'ira ɗaya da masu ido yana haddar Alƙur'ani da kunne, kuma kowa ya san matsayin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ladanin Manzon Allah (SAW), wanda aka sha bar wa riƙon Madina. Shi ma Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne.

Saɓani na biyu sabo ne: tunda waya tana karanta saƙo da murya, ina amfanin burel? Gaskiya ne manhajoji irin su TalkBack da VoiceOver a waya, da NVDA ta kyauta a kwamfuta, sun buɗe ƙofofin da a da suke rufe. Amma sauraro ba ya koya wa yaro yadda ake harhaɗa kalma ko jera lissafi. Wani bincike da Ruby Ryles ta yi a Amurka a 1996 ya samu rashin aikin yi kashi 44 ne a cikin waɗanda suka tashi da burel, kashi 77 a cikin waɗanda ba su tashi da shi ba. Mutanen da ta bincika ba su da yawa, kuma Amurka ba Zamfara ba ce, don haka a ɗauke shi a matsayin ishara. Sannan muryoyin waya sun fi ƙwarewa a Turanci da Larabci, sukan yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Allon burel da tsinkensa kuwa ba sa neman caji, kuma ba su tsaya ba a watannin 2021 da aka katse layukan waya a jihar.

Batun bara shi ma ana jayayya a kansa. Wasu na ganin sarautar Sarkin Makafi, wadda ke da tsohon tarihi a biranen Hausa, ita ke raya bara. Wasu kuma suna tuna cewa ita ce ƙungiyar da makafi suka gina da kansu, mai sasanta rigima da haɗa aure da karɓar baƙo, kuma makafin Kano sun shahara da tufkar igiya tun kafin leda da roba su kashe kasuwar. Hana bara ba tare da wata hanyar abinci ba korar mutane ce daga wannan gari zuwa wancan. Shirin horo kuwa da ya tsallake sarakunan makafi zai sha wuyar samun waɗanda ake yi dominsu.

Doka, da abin da zai biyo baya

A takarda ba a bar komai ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ware sashe ga ilimi na musamman, kuma akwai kwalejin tarayya a Oyo da aikinta kawai horar da irin waɗannan malamai. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta tanadi ilimi kyauta har sakandare da kashi 5 na guraben aikin gwamnati, aka kafa hukumar kula da su a 2020. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta mayar da littattafai zuwa burel ko murya ba tare da neman izinin mai littafi ba. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman. Kuma a Abuja ne, a Oktoban 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da jagorar horon naƙasassu a cikin al'ummarsu, mai cewa a kai horon ƙauye maimakon a kwaso mutum zuwa birni.

Duk waɗannan suna amfanar wanda aka riga aka gano ne. Yaron da ke ƙuryar ɗaki ba ya cikin rajistar makaranta, ba ya cikin ta asibiti. Akwai hanya mai araha da aka gwada a Bangladesh, aka kuma gwada a Gwadabawa ta Jihar Sakkwato: a horar da mutanen gari na kwana ɗaya ko biyu, malamai da limamai da ungozomomi da masu rabon magani, su jero sunayen yaran da ba sa gani a unguwanninsu, sannan likita ya zo rana guda ya duba su. Zamfara tana da dubban waɗanda suka yi rabon Mectizan da allurar shan inna, da suka san kowane gida, tana kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi da za ta iya sayen tabarau da farar sanda da allon burel kamar yadda take sayen hatsi.

A 2022 MSF ta miƙa shirin gubar dalma ga hukumomin jihar, bayan fiye da shekara goma tana auna jinin yaran Anka da Bukkuyum. Waɗanda suke goye a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun kai aure. An san yawan dalmar da ke jikin dubbansu wata bayan wata, da sunan ƙauyen kowa. Wannan rajista ita ce mafarin da mai bincike daga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai bi ya auna gani da ji da fahimtar waɗanda suka tsira, ya tambayi wanda ya shiga aji da wanda bai shiga ba, da kuma wanda ke riƙe wa kowannensu sanda.